Jeren Ƙirji: Lambobin Laftanar Wright da Waɗanda Suka Biya Kuɗinsu

Duk matar da ta saba zuwa ganin ɗaki a Isa ko Sabon Birni ta san kallon jere iri biyu ne, akwai na baƙuwa akwai na 'yar gida. Baƙuwa za ta yi sallama, ta tuɓe takalmi, ta ɗaga kai ta bi kabet da ido tun daga sama har ƙasa. Ga tasoshi a sahun farko an goge su da toka suna ɗaukar ido, ga samira a ƙarƙashinsu, ga kwalla masu furanni an kife ƙanana bisa manya, tangaran kuma na can gefe an yi masa wurinsa daban. Ta ce, "Tubarkalla, ɗaki ya yi kyau, Allah ya ba da zaman lafiya," ta ajiye gudummawarta ta fita. 'Yar gida kuwa, gwaggon amarya ko yayarta da aka sha faɗi-tashin da ita, idan ta dubi kabet ɗin nan lissafi take gani. Ta san saitin can na sama kwasar adashin uwar amarya ne. Na tsakiya bijimin da uban ya kora kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ne, ya dawo gida da igiya a hannu bai ce wa kowa uffan ba. Na ƙasa kuwa har yau dillaliya tana zarya a kansa.

Hafsoshin Ingila na zamanin mulkin mallaka su ma suna da jerensu, sai dai su a ƙirji suke yin sa. Kowane yaƙi da lambarsa, kowace lamba da launin ƙyallenta da wurin zamanta a sahu, ba a sa ƙarama gaban babba. Mu da aka yi yaƙoƙin a ƙasarmu mun daɗe muna yi wa wannan jere kallon baƙuwa, alhali mu ne 'yan gida. Bari mu ɗauki ƙirjin mutum ɗaya mu karanta, wanda ya samo babbar lambarsa a kan hanyar da ta ratsa kudu da mu.

Sunansa Wallace Duffield Wright. An haife shi a Jibralta a 1875, ya shiga soja a 1896 a rundunar Queen's ta yammacin Surrey. Kwanonsa na farko daga Indiya ya samo shi, a yaƙoƙin Malakand da Tirah na 1897 zuwa 1898, inda Ingila ta yi ta fama da ƙabilun Fashtun a duwatsun da ke iyakar Fakistan da Afganistan a yau. Daga nan aka aro shi zuwa rundunar Waf ta Afirka ta Yamma, aka sa shi cikin sojan doki na Arewacin Nijeriya. Sojan dokin nan ba irin baradenmu ba ne masu sukuwa da mashi su afka cikin abokan gaba. Doki abin hawa ne kawai a wurinsu. Idan an zo fagen fama sai su sauka, a tattara dawakin a tsakiya, su ja sahu huɗu su ba juna baya, su buɗe wuta.

A ƙarshen Janairun 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da sojoji baƙar fata sama da 700, da igwa huɗu, da bindiga mai ruwa huɗu. Ya fasa Bebeji, ranar 3 ga Fabrairu ya shiga Kano. Sarkin Kano Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da dawaki wajen dubu biyu don yin mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi Attahiru. Yana kan hanyar komawa labari ya tarye shi. A Birnin Goga, kusa da Ƙauran Namoda, rundunar Kano ta rabu. Sarki Alu ya fita da dare ya nufi arewa. Wambai Abbas ya ɗebi nasa jama'ar ya koma Kano, Turawa suka naɗa shi sarki. Waziri Ahmadu kuwa ya ce shi kam gida za shi, kuma duk wanda ya tare masa hanya sai sun gwabza.

Wanda ya tare masa hanyar shi ne Wright, a ƙarshen Fabrairu, a dajin da ke kusa da dutsen Kwatarkwashi. Takardar yabon da gwamnatin Ingila ta buga a watan Satumba na wannan shekara ta ce yana tare da hafsa ɗaya da sojoji 44, ya tsaya a gaban dawaki 1,000 da dakaru 2,000, suka yi ta kawo masa hari har tsawon sa'a biyu, sahunsa bai karye ba. Ta kuma yarda cewa da Kanawa suka ja da baya, cikin tsari suka ja. Waziri Ahmadu a nan ya faɗi tare da manyan bayin sarki da hakimai, shi ya sa har gobe Kanawa ke kiransa Mai Shahada. Wright kuma aka ba shi Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a Ingila, wadda Sarauniya Biktoriya ta ƙirƙiro a 1856. 'Yar tagulla ce mai jan ƙyalle, ba ta cika tafin hannu ba, amma ita ake fara sa wa a sahu kafin kowace lamba.

Ba zan hana wa mutumin nan abin da yake nasa ba. Saurayi ɗan shekara 27, a ƙasar da ba tasa ba, ya hangi ƙurar dawaki ta tokare sama, ya ji ƙasa tana girgiza, bai juya linzami ba. Wannan tsayuwa ce, kuma Bagobiri ya fi kowa sanin darajar namijin da ya tsaya. Amma 'yar gida ba ta tsayawa a kan kyan kwano. Mutum 44 ɗin nan su wane ne? Takardar ta kawo adadinsu, ba ta kawo sunan ko ɗaya ba. Hausawa ne da Yarabawa da sauran 'yan ƙasa, wasunsu bayi ne da suka tsere, wasu talauci ya kai su bariki. Su ne suka durƙusa a sahun gaba, su suka riƙe dawakin kada su firgita su tarwatsa tsari, yatsunsu ne a kan kunamar bindiga. A gidan amarya ma haka abin yake. Ba a cin tuwo a kwanon jere. Tukunyar da ke ciyar da gidan tana can madafa bisa murhu, gindinta ya yi baƙi ƙirin, kuma babu mai zuwa ganin ɗaki da ke cewa a kai ta ta gaishe ta. A duk tsawon rayuwar rundunar Waf, da yaƙin Kamaru da na Gabashin Afirka da na Habasha da na Bama, babu sojanta baƙar fata ko ɗaya da aka ba Victoria Cross. An yi musu tasu lambar bajinta daban, mai daraja ƙasa da wannan.

Sai kuma ɗaya ɓangaren, waɗanda aka biya kuɗin kwanon da jininsu. A tuna da abin da suka zo da shi: takobi, mashi, kwari da baka, sulke da lifidi, da 'yan bindigogin da ba su taka kara sun karya ba. Lifidin da ke tare kibiya auduga ce kawai a gaban harsashi. Sun ga na gaba ya faɗi, dokinsa ya birkice a kansa, suka sake ɗaura ɗamara suka dawo, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, har sa'a biyu. Idan jarumta ake aunawa, a gaya mini mudun da za a auna ta Wright da shi a ce ta rinjayi ta barden da ya zaburi doki ya tunkari wuta da mashi a hannu, yana sane sarai da abin da ke jiransa. Takardar London ta mayar da su lamba mai sifili uku, domin yawansu shi ne ke ƙara wa tagullar nauyi.

Mai karatu zai ce, to ina ruwan Gobir a ciki, Kwatarkwashi ai Zamfara ce? Ruwanta yana wurin mutumin da ya fita da dare. Wanda duk ya bar Birnin Goga ya fuskanci arewa, ƙasarmu ce shimfiɗe a gabansa: Shinkafi, Isa, Sabon Birni, har zuwa Tsibiri. Sarki Alu ya ɓad da kama kamar falke, amma a ƙasar Gobir aka gane shi aka tsare shi. Baturen da ya hau doki ya zo ya karɓe shi, Kyaftin Charles Foulkes, ba ya ma cikin rundunar da ta ci Kano da farko. Injiniyan soja ne, yana cikin tawagar da ke awon iyaka tsakanin Ingila da Faransa. Daga hannunsa Sarki Alu ya wuce zaman talala, Yola tukuna sannan Lokoja, inda ya rasu a 1926 bai sake ganin Dala ba.

Wannan wuri ne mai nauyi gare mu, kuma bai kamata mu tsallake shi ba. Gobir ta 1903 tana ɗauke da miki na kusan shekara ɗari. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Sarki Yunfa ya mutu a cikinta, kufanta na nan a ƙasar Sabon Birni. An sake karya Gobirawa a Gawakuke a 1836, waɗanda suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri suka ci gaba da yaƙi daga can. Daga baya Ɗan Halima ya ɓalle daga Tsibiri ya dawo kudu ya kafa Sabon Birni a bakin gulbi bisa sulhu da Sakkwato, Isa kuma tana hannun zuriyar Muhammadu Bello tana tsaron iyaka. Saboda haka sarkin Fulani da ya faɗo hannun Gobirawan arewa a wancan lokaci, hannun tsofaffin abokan gaba ya faɗa. Turawa ba su ƙirƙiri wannan ɓaraka ba, sun tarar da ita ne, suka shiga ta cikinta. Wani kwano a jeren nan, mu da kanmu muka miƙa shi ta kan katanga.

Me Gobir ta samu a madadinsa? Layi aka ja mata a tsakiyar ciki. Yarjejeniyar 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 daga Sakkwato, ta bar Tsibiri da Maraɗi a ɓangaren Ingila. Faransawa suka yi ƙorafin cewa hanyarsu daga Kwara zuwa Damagaram ta faɗa cikin hamada babu rijiyoyi. Aka sake zama a 1904, aka ƙara gyarawa a 1906, iyaka ta gangaro kudu. Tsakanin 1906 da 1908 Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi daji suna kafa alamu. Tun daga ranar, Bagobirin Sabon Birni da ɗan'uwansa na Tsibiri, masu zane ɗaya a fuska, suka zama 'yan ƙasa biyu, ɗaya yana biyan haraji da sulalla ɗaya da faranka. Aikin awon nan ma ana lissafa shi cikin hidimar da ke ɗaga hafsa.

Foulkes kuwa jerensa ya yi ta ƙaruwa. A 1908 ya samu lambar tagulla a wasannin Olamfik na London, yana buga wa Sukotland ƙwallon gora. A Yaƙin Duniya na Ɗaya shi aka damƙa wa shirin iskar guba na sojan Ingila, shi ya tsara sakinta a Loos ranar 25 ga Satumba 1915. Ya kai Manjo Janar, ya mutu a 1969. Wright shi ma ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya ƙara lambobi uku manya a sahu, ya kai Birgediya Janar. A 1928 ya ci zaɓen cike gurbi a Tavistock ya shiga Majalisar Dokokin Ingila, ya zauna har 1931. Ya mutu a Surrey a watan Maris na 1953, yana da shekara 77. Shekara hamsin cur ya yi yana cin albarkacin sa'a biyun nan na Kwatarkwashi, domin duk inda aka rubuta sunansa sai an biyo shi da haruffan lambar.

Akwai wata lambar da ta fi wannan yawa a hannun mutane, kuma ita ta fi ba ni tsoro idan na dube ta. Azurfa ce, an fito da ita a 1902 don ƙananan yaƙoƙin Afirka, ƙyallenta rawaya ne mai baƙin gefe da siraran layuka kore biyu. Kowane yaƙi sai a ƙara wata 'yar sandar azurfa a kan ƙyallen, an rubuta wuri da shekara. Wadda aka rubuta wa Arewacin Nijeriya 1903, a cikinta akwai Kano, akwai Giginya inda Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, akwai Burmi inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru ranar 27 ga Yuli tare da ɗaruruwan mutanensa. Wadda aka rubuta wa 1906 kuwa, Satiru ce a ciki.

A Satiru, ranar 14 ga Fabrairu 1906, irin sojan dokin nan na Wright ne suka je, da irin tsarinsu. Sai dai wannan karon talakawa masu gatari da fartanya sun cim musu kafin sahu ya haɗu, dawaki suka firgita, aka kashe Razdan Hillary da mataimakinsa Scott da Laftanar Blackwood da sojoji 25, aka ƙwace bindiga mai ruwa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tsakanin lambar jarumta da kabari, wani lokaci 'yan daƙiƙoƙi ne da sa'a. Ranar 10 ga Maris Manjo Goodwin ya dawo da runduna, aka kashe mutum wajen 2,000, aka kwashe mata da yara, aka baje garin, har yau kufai ne. Duk wannan an naɗe shi cikin 'yar sandar azurfa da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Wanda ya gan ta a ƙirjin tsoho a coci ko wurin faretin tunawa, kyanta kawai zai gani.

Jere ba ya tabbata a ɗaki. Ranar da mai shi ta kwanta dama, ko gida ya shiga matsi, sai a sauke shi. Wani a raba gado, wani a kira dillaliya ta zo ta juya kwano ta ƙwanƙwasa gindinsa, ta duba ko ya taɓa faɗuwa, ta yi masa kuɗi. Lambobin hafsoshin nan ma can suke ƙarewa. A London akwai gidajen gwanjo irin su Spink da Noonans da suka shahara da wannan ciniki. Jikoki su kawo lambobin kaka, a ɗauki hoto, a rubuta tarihinsa tsaf: ranar da ya shiga soja, ranar da aka ƙara masa girma, inda aka ambace shi a rahoton yaƙi, har da dokin da aka harbe a ƙarƙashinsa. Tarihin shi ke sa kuɗi, kuma yawan jinin da aka zubar a yaƙin yana ƙara wa lambar farashi. Akwai Victoria Cross da aka saya sama da fam miliyan ɗaya. A cikin kayan gwanjon nan akan ga lambobin sojojinmu ma, an buga lambar mutum da sunansa a gefen azurfar, wane Kano, wane Katsina, wane Sakkwato, sunan gari a madadin sunan uba. Su kam tarihinsu layi ɗaya ne, kuɗinsu ma kaɗan.

Abin da ya kamata mu yaba wa mutanen nan, ko muna so ko ba ma so, shi ne adana. Ba su yar da komai ba. Hafsa ya yi sa'a biyu a daji, an rubuta, an buga, an ajiye, bayan shekara 120 ɗan makaranta a ko'ina cikin duniya zai buɗe waya ya same shi. Mu ma ba mu rasa hanyar ajiya ba. Kirari ajiya ne, waƙar fada ajiya ce, tsohuwar da ke lissafa wa jikoki kakanninsu bayan sallar isha'i ita ma kundi ce. Da su muka riƙe sunan Bawa Jan Gwarzo fiye da shekara ɗari biyu. Sai dai wannan ajiya tana buƙatar gari zaunanne, da dandali, da tsoho mai kwanciyar hankali, kuma waɗannan su ne abin da 'yan bindiga suka raba mu da su. Tun daga 2019 dubban mutanen Sabon Birni da Isa suka tsallaka jihar Maraɗi gudun hijira, suna bi ta kan layin nan da O'Shee da Tilho suka kafa wa alamu. Wasu suna Sakkwato a kangwaye. Tsohon da ya ji daga bakin kakansa yadda Nasara suka fara shigowa garinsu, da wanda aka kama ya yi musu dako, da wanda ya ƙi, yau yana kwance a rumfar leda yana tunanin abin da za a ci gobe. Idan ya tafi, ya tafi da shafinsa.

Saboda haka kirana ga malaman tarihi na makarantun sakandaren Isa da Sabon Birni, da ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo 'yan wannan yanki, da fadar Sarkin Gobir ta nan da ta can. Wayar da ke aljihunku tana ɗaukar murya. Ku zauna gaban tsofaffin nan, a gida ko a sansanin gudun hijira, ku gaishe su yadda ya kamata, ku ce, "Baba, me kakanka ya gaya maka game da zuwan Nasara? Inna, wa aka ɗauka soja a gidanku, ya dawo ko bai dawo ba?" Ku rubuta suna da sunan uba da gari. Idan akwai tsohuwar lamba a ƙasan adaka, ta wanda ya je Bama ko Habasha, kada ku sayar wa mai yawon sayen tsofaffin ƙarafa. Ku juya gefenta ku kwafe abin da aka buga, ku ɗauki hotonta. Ku kai kwafi Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Arewa a Kaduna, ku bar ɗaya a fada. Ku fara da wanda ya fi tsufa a unguwarku, kuma ku fara a wannan makon.